Dajin da Ya Zama Dutse a Hamadar Masar, da Duwatsun da Muke Farfasawa a Jos

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili, ko da zan ɗan zarce tsawon da aka saba ba wa wasiƙa, domin in yi magana a kan wani abu da idona ya gani a ƙasar Masar cikin watan Janairun da ya wuce, wanda tun da na dawo gida Jos ya hana ni kallon duwatsun da ke kewaye da mu da irin idon da na saba kallon su da shi. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na yi shekara talatin da ɗoriya ina riƙe da alli a makarantun sakandare na Jihar Filato kafin in yi ritaya, kuma a cikin waɗannan shekaru ban san adadin lokutan da na tsaya gaban ɗalibai na ce musu itace yana iya rikiɗa ya zama dutse ba. Su rubuta, su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, ni kuma in ba su maki, alhali da ni da su babu wanda ya taɓa ɗora hannu a kan abin da muke magana a kai.

Yawon buɗe ido bai cikin lissafina sa'ad da na bar gida. Yayana na raka Alƙahira domin a yi masa aiki a gwiwa, sai likita ya ce mu dakata mako biyu kafin a sake duba shi, kuma duk wanda ya taɓa zaman jinya a baƙuwar ƙasa ya san yadda kwanaki ke tsawo. Wani ɗan maƙwabcinmu da ke karatu a Azhar, wanda ya zame mana baki da ƙafa a garin, shi ne ya ji ina ba da labarin tsohon darasina, ya ce ai akwai irin wannan wuri a yankin Fayyum, kimanin kilomita 100 kudu maso yammacin Alƙahira, kuma wasu abokan karatunsa suna shirin zuwa. Yayana ya ce in tafi, domin zamana a gefen gadonsa ina hamma ba zai sa gwiwar ta warke da wuri ba. Muka haɗa kuɗi mu bakwai aka ɗauko motoci biyu masu jan ƙafa huɗu, da jagora ɗan yankin wanda shi ya nemo mana izinin shiga, domin wurin yana cikin yankin da hukuma ta keɓe tun 1989.

Mun bar Alƙahira bayan sallar asuba. Fayyum kanta wani kwari ne mai dausayi a tsakiyar hamada, wanda ruwan Nilu ke isa gare shi ta wata magudana da ake kira Bahar Yusuf, kuma mutanen wurin suna danganta sunan da Annabi Yusuf, alaihis salam. A ƙarshen kwarin ta arewa akwai tafkin da suke kira Ƙaruna, mai ruwan gishiri, wanda fuskarsa take fiye da mita 40 ƙasa da fuskar teku. Ni da na fito daga garin da ke zaune kimanin mita 1,200 sama da teku, wannan kaɗai ya isa ya ba ni abin tunani. Daga bayan tafkin ne muka rabu da kwalta, direbobi suka sauka suka rage iskar tayoyi domin kada yashi ya riƙe mu, muka fara hawa matakin tudu bayan matakin tudu zuwa tsaunin da ake kira Jabal Ƙaɗrani. Na tambayi dalilin ɗaukar mota biyu alhali da matsi ɗaya ta ishe mu, jagoran ya ce a can babu sabis ɗin waya, babu rijiya, babu mai wucewa, saboda haka idan mota ɗaya ce ta lalace, sai dai a zauna a jira abin da Allah zai yi.

Zan faɗi gaskiya, kallon farko bai burge ni ba. Kalmar daji ce ta yaudare ni, domin duk da abin da na karantar, a can cikin zuciyata ina zaton zan tarar da itatuwa a tsaye, reshe da reshe, sun daskare kamar an yi musu tsafi. Abin da na tarar fili ne fetal, babu ko tsinken ciyawa, an watsa masa baƙaƙen guntaye kamar wurin da masu faskare suka tashi suka bar saura. Sai da muka sauka daga mota muka yi tafiyar kamar minti goma a ƙasa, sannan na tsaya a kan gungume na farko, wanda yake kwance ya miƙe samɓal, rabinsa a binne cikin yashi. Na bi shi daga gindi zuwa ƙarshe ina ƙirga taku, na samu talatin da ɗaya, kuma takuna na tsoho bai kai mita ba, amma ko yaya aka lissafa ya haura mita ashirin. Ga zanen jijiyoyin itace suna bin tsawonsa, ga gurbin da reshe ya taɓa fita, ga wani wuri da ya tsage kamar yadda busasshen maɗaci ke tsagewa. Ido yana rantsuwa cewa itace ne. Da na durƙusa na taɓa sai na ji sanyin dutse, na ƙwanƙwasa da makullin ɗakina ya yi ƙara irin ta tangaran, na gwada ɗaga wani guntu da bai fi girman ɗan turmin daka yaji ba, na kasa raba shi da ƙasa. Gani ya kori ji, kuma a wannan lokaci na ji kunyar dukkan ɗaliban da na ba maki a kan abin da ni kaina ban sani ba sai a takarda.

Mun yi kusan awa huɗu muna tafiya a ƙasa, motocin kuma suka zagaya suka jira mu a wani wuri da aka yi alkawari. Ina so in ɗan tsaya a kan tafiyar kanta, domin mu mutanen Jos muna ganin mun iya hawa dutse, kuma ni ma na sha kai ɗalibai tsaunukan Shere, amma tafiyar hamada wata aba ce dabam. A tsaunukanmu akwai inuwa, akwai ƙorama, akwai rugar Fulani ko gonar wani da za ka daidaita hanya da ita. A can kuwa babu abin da ido zai auna nisa da shi. Jagoran ya nuna mana wani tudu ya ce a gindinsa za mu huta, na ce a raina minti goma sha biyar ne, sai ga shi mun shafe fiye da awa guda kafin mu taɓa shi, na tuna cewa ganin Dala ba shiga birni ba ne. Ƙasar ma ba iri ɗaya ba ce. Wani wuri tsakuwa ce shimfiɗe mai daɗin taku, wani wuri kuma yashi ne mai laushi da ke cinye rabin kowane taku, har ka ji cinyoyinka suna zafi. Da safe sanyi ya kai na Jos a tsakiyar hunturu, iska tana yanka kunne, amma kafin azahar duk mun tuɓe rigunan sanyi mun ɗaura a ƙugu. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne mutum ba ya ganin gumi a jikinsa, domin busasshiyar iska tana shanye shi tun kafin ya taru, sai ka ɗauka ba ka rasa ruwa ba, alhali leɓɓanka sun fara tsagewa. Jagoran ya riƙa tsayar da mu yana tilasta mana kurɓar ruwa ko mun ce ba ma jin ƙishirwa, kuma da lokacin salla ya yi ya ce mu yi taimama, ruwan da ke hannunmu na sha ne. Muka yi sahu a kan yashi, gungumen dutse a gabanmu ya zame mana sutura. Ban taɓa jin shiru irin na wannan wuri ba, wanda ko kukan tsuntsu babu, har mutum yana jin bugun jininsa a cikin kunne.

Mai karatu zai tambaya yadda itace ke zama dutse, kuma bayanin ba shi da wuya. Idan itace ya faɗi a fili, gara da ƙwari da ruɓa sukan gama da shi cikin 'yan shekaru. Amma idan ambaliya ta kwashe shi ta binne shi nan da nan a ƙarƙashin yashi da laka mai kauri, inda iska ba ta isa, ruɓar takan yi jinkiri ƙwarai. A wannan hali ruwan ƙarƙashin ƙasa, wanda yake ɗauke da narkakken sinadarin silika, wato sinadarin da yashi da gilashi suka ƙunsa, sai ya riƙa ratsa itacen yana cika ƙananan ramukan da ke cikinsa, sannu a hankali kuma ya maye gurbin naman itacen kansa, ba tare da ya ɓata siffarsa ba. Abin da ke fitowa a ƙarshe dangin dutsen ƙyastu ne, wanda taurinsa ya kai ya karce gilashi da bakin wuƙa. Launin ja da rawaya da ruwan ƙasa da ake gani a jikinsa daga ƙarfen da ke cikin ruwan ya samo asali, kamar dai yadda ƙarfe ke rina jar ƙasarmu ta marmara. Shi ya sa kuma gungumen yake karyewa gunduwa-gunduwa a gicciye kamar an sa masa zarto, domin dutse mai tsawo idan ƙasar da ke tallafe da shi ta zaizaye, karyewa yake yi irin ta alli. Masana sun ƙiyasta shekarun waɗannan itatuwa da fiye da miliyan 30. Galibinsu babu saiwa babu rassa a jikinsu, abin da ke nuna cewa ba a nan suka tsiro ba, wani babban kogi ne ya ɗauko su ya jibge a gaɓarsa, a zamanin da wannan fili da ko ƙadangare ban gani a cikinsa ba yake surƙuƙin daji mai fadama kusa da bakin teku. A cikin ƙasar wannan yanki an haƙo ƙasusuwan kadoji da kunkuru da kakannin giwaye, da wani ɗan biri da masana suka ba muhimmanci sosai, da wata dabba mai girman karkanda da manyan ƙahoni biyu jere a kan hancinta, wadda aka fara gano ta a farkon shekarun 1900. Abin da ya fi ba ni dariya shi ne dangin rema, wannan 'yar dabba da yaranmu ke farauta a kogunan duwatsun Filato, waɗanda a wancan zamani wasunsu suka kai girman jaki.

Da na dawo na nuna hotunan a majalisarmu bayan sallar la'asar, wani dattijo da nake girmamawa ya ce wannan ai alamar fushin Ubangiji ce, wata al'umma ce aka halaka aka mayar da dajinta dutse, tun da ga sunan Ƙaruna ma a kusa. Wani kuma ya ce batun miliyoyin shekaru zancen Turawa ne kawai. Ban yi gardama da su a wurin ba, amma a nan zan ce babu wani nassi da na sani wanda ya ambaci wannan daji, kuma bai kamata mu jingina wa addini abin da bai faɗa ba don kawai abu ya ba mu mamaki. Abin da na sani shi ne aya ta 20 a Suratul Ankabut ta umarce mu da mu yi tafiya a bayan ƙasa mu duba yadda Allah Ya fara halitta, kuma ni ban ga abin da ya ƙara mini jin ƙanƙantar kaina a gaban Mahalicci kamar tsayawa a kan itacen da ya faɗi tun kafin a yi ɗan Adam ba. Su kuwa shekarun, ba a ka ake yanko su ba. A saman tsaunin akwai shimfiɗar baƙin dutse wanda ya taɓa malalowa a narke daga cikin ƙasa, irin wanda muke da shi a wuraren Panyam da Kerang, kuma irin wannan dutse ana iya auna lokacin da ya daskare a ɗakin gwaji, sannan hankali ya ba da cewa abin da ke ƙarƙashinsa ya girme shi.

Wannan baƙin dutse ne ya kai mu ga abin da ban yi tsammani ba. Mutanen Masar na zamanin Fir'aunonin da suka gina dala sun riƙa fasa shi a wani wuri da ake kira Widan al-Faras, wato kunnuwan goɗiya, saboda wasu tagwayen tsaunuka da ke tsaye a wurin, suna shimfiɗa shi a daɓen wuraren bautarsu. Domin su gangaro da shi zuwa bakin tafkin, wanda a lokacin ya fi yanzu cika nesa ba kusa ba, inda jiragen ruwa ke ɗauka, sai suka shimfiɗa hanya mai tsawon kimanin kilomita 11, wadda ta haura shekara 4,000 kuma ake lissafa ta cikin mafi tsufan shimfiɗaɗɗun hanyoyi a duniya. Mun taka wani yanki nata. Faɗinta bai wuce mutum uku su jera ba, kuma a wasu wurare da gumaguman itacen nan da ya zama dutse aka jera ta. Ashe tun wancan zamani ɗan Adam ya fara kallon wannan daji a matsayin kayan aiki.

A nan ne zan tona asirin kaina, domin shi ne ainihin dalilin wannan wasiƙa. A kan hanyarmu ta komawa mota na tsinci wani ɗan guntu da bai fi babban yatsa ba, ja da baƙi, zanen itacen ya fito a jikinsa raɗau, na jefa shi cikin aljihun rigata. Hujjata a shirye take: ni malami ne, zan nuna wa yara, kuma guntaye irinsa sun fi dubu a inda nake tsaye. Jagoran, wanda bai fi sa'an ɗana na biyu ba, ya gan ni. Bai ɗaga murya ba, sai ya matso kusa da ni yadda sauran ba za su ji ba, ya ce da ni, ta bakin ɗan Azhar ɗin nan da ke mana tafinta, cewa lokacin da yake yaro yana biyo mahaifinsa, wannan fili ya fi haka cika, kuma babu wanda ya zo da babbar mota ya kwashe shi a gabansa, baƙi ne masu mutunci irina, kowa da ɗan guntunsa da kyakkyawar niyyarsa. Na ciro shi na mayar, kuma na yi ƙoƙarin in ajiye shi a daidai gurbin da ya bari a yashi. Na daɗe ban ji kunya irin ta ranar ba.

Da na zauna na yi tunani daga baya, na ga cewa maganarsa ta wuce batun raguwar yawa. Guntun nan a inda yake kwance yana ba da labari: ga gungumen da ya ɓalle daga jikinsa, ga irin yashin da ya binne shi, ga inda kan itacen ya fuskanta, wanda daga nan masani ke gane inda kogin ya nufa. Da na kawo shi Jos, da ya zama abin danne takarda a kan teburina, bayan raina kuma jikoki su share shi tare da tarkace. A Amurka akwai wani daji irin wannan a Jihar Arizona, wanda itatuwansa suka haura shekara miliyan 200, aka fara ba shi kariya a 1906 aka kuma mayar da shi gandun ƙasa a 1962. Ma'aikatan wurin sun tara wasiƙu masu yawa daga mutanen da suka saci guntaye, daga baya suka aiko da su ta gidan waya suna neman afuwa, wasu suna cewa tun da suka ɗauka ba su ga daidai ba. Abin lura shi ne ba a mayar da waɗannan guntaye cikin dajin, tarawa ake yi a gefe guda, domin babu wanda ya san ainihin inda aka ɗauke su, kuma zuba su a ko'ina zai rikita masu bincike. A gefen Alƙahira ma akwai wani ƙaramin dajin dutse da aka keɓe a 1989, wanda gine-ginen sabuwar Alƙahira suka zo suka yi masa zobe, masu ɗibar yashi da masu zubar da ɓaraguzai kuma suka daɗe suna cin gefensa. Na wuce ta wurin a mota, abin da na fi gani shi ne katanga da benaye.

Ya Edita, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Irin wannan itace ba a Masar kaɗai yake ba. Masana ilimin ƙasa sun daɗe da rubuta cewa ana samun sa a cikin tsofaffin duwatsun yashi na yankin Sakkwato da Kabi, musamman shimfiɗar da suka raɗa wa sunan Gundumi, haka nan a Jamhuriyar Nijar ana ganin sa a wuraren Tigidit da Ingal, kusa da Agadas, yankin da aka haƙo ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe. Ina kyautata zaton akwai manomin da ya sha cin karo da shi a gonarsa ya jefar a kan iyaka, ko matar da ta ɗauke shi ta yi murhu da shi, ba tare da wani ya taɓa gaya musu abin da ke hannunsu ba. Mu a Jos ba mu da dajin dutse, amma babu garin da ya kai mu sanin yadda ake mayar da ƙasa kuɗi. Fiye da shekara ɗari ke nan ana haƙar kuza a nan, an yi lokacin da Nijeriya ke kan gaba a duniya wajen fitar da kwalambait, wato wani ma'adini da ake samu tare da kuza, kuma abin da aka bar mana gado shi ne kududdufan da ke cin yaranmu kowace damina. Tarbiyyar da wannan tarihi ya yi mana ita ce, idan Bajoshe ya tsinci dutse mai ban sha'awa, tambayarsa ta farko ita ce nawa dillali zai saya. Na san haka domin hannuna ma da kansa ya tafi aljihu.

Amma a cikin wannan tarihi namu akwai wani darasi dabam. A wurin haƙar kuza ne aka fara tono gumakan yumɓu na Nok, wani ƙauye a kudancin Kaduna, a 1928, kuma ɗaya daga cikin kawunan da suka fi shahara sai da ya yi zaman mutum-mutumin korar tsuntsaye a gonar doya kafin a kai shi ga wani Bature masanin kayan tarihi mai suna Bernard Fagg a 1943, wanda ya gane darajarsa, ya roƙi masu haƙa da su riƙa sanar da shi abin da suka tono da inda suka tono shi. Daga wannan ne aka samu Gidan Tarihi na Jos a 1952, wanda har gobe muke kai baƙi muna alfahari. Bambancin da ke tsakanin abin korar tsuntsaye da abin da duniya ke zuwa kallo shi ne mutum ɗaya da ya sani, da kuma lebura da aka gaya masa ya daina jefarwa. Duk da haka, kowa ya san yadda daga baya masu haƙa a ɓoye suka rarake wuraren Nok suka sayar wa 'yan kasuwar ƙetare, kuma abin da aka fitar ta wannan hanya ya rasa labarinsa kamar yadda guntuna zai rasa nasa.

Yanzu kuma duwatsun kansu ake ci. Duk wanda ya daɗe a garin nan zai iya nuna maka wurin da wani tsauni yake a da, wanda nakiya da tifa suka mayar da shi tsakuwar gini. Ba na cikin masu zagin matan da ke zaune a rana da guduma suna fasa dutse domin su ciyar da marayu, kuma na san gari ba ya ginuwa sai da tsakuwa, gidana ma da ita aka zuba harsashinsa. Abin da nake cewa shi ne ba kowane dutse ne na fasawa ba, kuma har yanzu ba mu zauna mun tantance wanda za a ci da wanda za a bari ba. Dutsen Riyom da ke ɗaure kan juna kamar an jera shi da hannu, da ginshiƙan baƙin dutse na Kahwang, da tsofaffin bakunan aman wuta na wajen Mangu, da Dutsen Wase, kowannensu aji ne da babu gwamnatin da za ta iya gina irinsa. Abin da na gani a Jabal Ƙaɗrani bai ci wani kuɗin a zo a gani ba: an jera ƙananan duwatsu an fitar da turbar da za a bi, an kafa 'yan alluna masu bayani, an hana mota taka inda gumaguman suke, sannan an bar 'yan yankin su zama jagorori, ta yadda abincinsu ya rataya a kan wanzuwar wurin. Yaron da ya sa na mayar da guntun nan ba ma'aikacin gwamnati ba ne, gonarsa yake karewa.

Roƙona ga hukumomin da ke kula da ma'adinai da kayan tarihi da ilimi, da sarakunanmu waɗanda ƙasar take hannunsu, shi ne a fitar da jerin irin waɗannan wurare a kowace ƙaramar hukuma, a rubuta bayaninsu da Hausa da sauran harsunan yankin, domin allon da aka rubuta da Turancin jami'a ba ya hana mai tifa komai. Ga 'yan'uwana malamai kuma, musamman shugabannin makarantu da suka soke fita da ɗalibai saboda tsadar mota da fargabar tsaro, ina cewa na fahimci uzurinku, amma yawancin makarantun Jos ba su fi tafiyar rabin awa a ƙasa daga wani dutse da ya cancanci darasi ba. Wanda kuma Allah Ya kai shi Alƙahira, ko don jinya ko karatu ko kasuwanci, ya samu yini guda na sarari tsakanin Nuwamba da Fabrairu, to ya nemi jagora mai izini, ya sa takalmi mai rufi, ya ɗauki ruwan da ya ninka abin da yake zaton zai sha, kada kuma ya yarda a tafi da mota ɗaya. Idan yana da kwana biyu, ya ƙara da Wadi al-Hitan da ke yammacin Fayyum, inda ƙasusuwan manyan dabbobin teku suke kwance a kan yashi, wurin da hukumar UNESCO ta sa cikin wuraren gado na duniya a 2005. Ni lokaci bai ba ni ba, domin washegari aka sake duba gwiwar yayana.

Daga ƙarshe, ina roƙon masu karatu na Sakkwato da Kabi da Zamfara da maƙwabtanmu na Nijar, duk wanda ya san inda ake ganin dutse mai kama da gungumen itace a yankinsu, ya ɗauki hotonsa a inda yake kwance, ya rubuto wa wannan jarida sunan garin da ke kusa, amma ya bar shi a wurin. Ina da tsofaffin ɗalibai da yanzu suke koyarwa a sashen ilimin ƙasa na jami'o'i, kuma biyu daga cikinsu sun yi mini alkawarin za su je su duba idan aka samu labari. Ni ma, idan ƙafa ta yarda, zan bi su.

Na gode da filin da ka ba ni. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
Unguwar Rogo, Jos, Jihar Filato.